Takardar da Nomau Ya Ƙi Karɓa

A ƙauyen Tungar Ɗorawa, bayan katangar wata jami'a, akwai wani mutum wai shi Nomau. Gidansa ɗaki biyu ne, da matarsa Kande, da tsohuwarsa mai ciwon ƙafa, da akuya guda wadda ita kaɗai ta kai shi taurin kai. Shekara goma sha tara yana masinja a sashen tarihi, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa gane cewa magana tana da ciki da waje ba. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka hau shi da faɗa, sai ya tsaya ƙyam ya ce, "Haka aka ce." Ni dai ban taɓa ganin wawan da ya fi shi tsare gida ba, kuma haushinsa bai taɓa kwana a raina ba.

Ana nan sai ƙirƙirarriyar basira ta shigo jami'a, wato manhajar nan da ake tambaya ta rubuto amsa kamar mutum. Ɗalibai suka samu abin nema, malamai suka rasa gane wa ya rubuta me. Hukuma ta ɗauko wani masani, Malam Zayyanu, don ya koya wa malamai sabon salon koyarwa. Aka kuma liƙa sanarwa cewa za a rage masinjoji, tunda yanzu na'ura ke kai saƙo. Da aka karanta wa Nomau, ya koma gida ya gaya wa Kande cewa bencin bakin ofis nasa ne, na'urar ta nemi nata.

Wata rana Malam Zayyanu ya bar takardun darasi na shekara guda, ya ce a ɗora su a kwamfuta kafin ya dawo. Nomau ya tattare hannun riga, ya jibge su kaf a kan kwamfutar har suka kusa taɓa silin. Malam ya dawo ya riƙe baki. Ya ce to, a bar wannan, a sauke masa manhajar da ke ciki tukuna. Nomau ya leƙa bai ga ƙofar da za ta fito ba, sai ya sauke kwamfutar gaba ɗaya ya ajiye a ƙasa, har da shimfiɗa mata tabarma.

Wata rana a wajen bita, Malam Zayyanu ya gaya wa malamai cewa manhajar takan yi ƙarya ba kunya, sai an horar da ita sosai take gyaruwa. Nomau yana raba ruwa, kunnensa ya ɗauka. A garinsu horo ɗaya aka sani wa maƙaryaci. Washegari ya zo da tsumagiya, ya tsaya gaban kwamfutar ya yi mata kashedi sau uku, da ta yi shiru ya zabga mata biyu. Gilashin ya tsage. Malam Zayyanu ya rantse sai an sallami Nomau, shi kuwa ya ce ai tun daga nan ba ta ƙara yin ƙarya ba.

Shugabar sashen, Dakta Asabe, ta daɗe tana rufa masa asiri, amma wannan karon abin ya fi ƙarfinta. Aka sa Alhamis za a zauna a kansa. Kande ta yi kuka, ta roƙe shi ya je ya ba da haƙuri. Ya ce haƙurin me, shi da ya yi abin da aka ce? Amma ranar tuwon bai shiga ba, don ya san da wannan aikin gidan yake tsaye.

Ranar Alhamis ɗin ta zo daidai da ranar da ɗalibai arba'in za su kawo aikinsu a kan fataucin goro zuwa Gwanja. Dakta Asabe ta gaji da karanta amsa iri ɗaya sak. Za ta fita zuwa taron da za a yi a kansa ke nan, ranta a ɓace, ta ce, "Nomau, kada ka karɓi takardar kowa, sai abin da ya fito daga kansa."

Nomau ya gyara zama a bencinsa. Na farko ya zaro takarda ya miƙa. Nomau ya ce wannan daga jaka ta fito, yana kallo. Wani mai wayo ya aza tasa a ka, Nomau ya ce wannan a kan kai take, ba daga ciki ta fito ba. Suka yi ta hayaniya, ko gezau. Da suka ga ba mafita, wata ɗaliba ta naɗe takardarta ta fara bayani da baki. Nomau bai gane ba, ya ce ta sake. Ya tambaye ta me ya hana goron bushewa a tafiyar wata uku. Ta tuno, ta ce da ɗanyen ganye ake lulluɓe shi ana yayyafa ruwa. Ya ce ta wuce. Na bayanta ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai sallama. Nomau ya ce ya koma baya.

A haka aka tashi taron, Dakta Asabe da Malam Zayyanu suka iske layi har bakin matakala. Waɗanda aka mayar sun zauna a ƙasa suna karatun gaske, wasu na tambayar manhajar a waya, suna gardama da ita. Malam Zayyanu ya daɗe a tsaye. Mako uku yana neman hanyar nuna wa malamai yadda za su sa ɗalibai su yi karatu da kansu, bai samu ba. Amma hukunci an riga an yanke, takardar sallama na aljihunsa. Ya zaro ta a sanyaye ya miƙa.

Nomau ya dubi takardar, ya harɗe hannuwa.

"Malam, wannan daga aljihu ta fito. In daga kanka ne, faɗa da bakinka."

Malam Zayyanu ya dubi layin ɗaliban, ya buɗe baki, ya rufe.

"To koma baya," in ji Nomau. "Na gaba ya matso."