Irin da Datti Ya Watsa

"Lafiya lau, bawana. Ya gona? Ko kar in tambaya?" in ji Indo, tana baza shinkafa a kan leda a ƙofar gidanta da ke bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, a Bunkure. Sana'arta turara shinkafa. Datti, taubashinta, yana tsaye da buhu ba komai a ciki. Kwanakin baya ya biyo ta nan, ya wawuri shinkafa a shanyarta da sunan wasa, ya je ya watsa a wurin renon iri a gonarsa.

"Baiwar gidanmu, wane mugun abu kika yi wa shinkafarki? Na watsa, na ba ta ruwa, na barbaɗa taki. Ko ƙwara ɗaya ba ta tsiro ba!"

"Wacce? Wadda ka sata?"

"Ɗauka na yi. Kayan baiwa na ubangidanta ne."

"To ubangida, dafaffiya ka ɗauka. Daga tukunya na sauke ta na shanya."

"Ƙarya kike! Da ɓawonta fa."

"Da ɓawon ake turarawa, shashasha! Furfura har a hanci, ba ka san iri ba? Ai da ka bi ta da manja da yaji, 'yan gona su zauna su ci."

"Rage murya mana."

"Wace murya? Labari ya watsu tuni. Har kasuwar Kura an ji akwai manomin da ke shuka abincin rana."

"Ke kika watsa shi!"

"Agwagin da suka ƙoshi a gonarka ne suka faɗa."

Datti ya goge zufa. "Indo, kowa ya kusa dashe. In ban sa iri a makon nan ba, noman rani ya wuce ni. Yara fa."

"Yanzu ka tuna sunana? Faɗi, waye bawa?"

"Haba, a titi?"

"Sauka lafiya."

"Tsaya! Ni ne."

"Agwagi ba su ji ba."

"Ni ne bawa, muguwa!"

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta shiga zaure ta jawo rabin buhu ta dire a gabansa. "Ga iri na gaske. Sai dai ka turo mini matarka ta kai gona. Kai in ka ɗauka, ina tsoron ka biya ta murhu."