Yadda Ake Cire Suna Daga Intanet, Daga Bakin Maƙerin Tukwane

Ɗan'uwa, in an taɓa buga sunanka a Gugul ka ga abin da ya sa gumi ya keto maka, gyara zama. Ni Zayyadu, maƙerin tukwane a kasuwar Arlit, gwani ne a wannan fanni. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na rantse sai ka ga sakamako da idonka. Ni ma na gani.

1. Fara shigar da sunan tukuna

Ba a cire abin da ba a sa ba. Jira wata Anasara ta zo kasuwa da abin ɗaukar hoto, kamar yadda suke zuwa kafin tawaye ya rufe musu hanya. Za ta kanga wata na'ura mai ƙit-ƙit jikin tukwanenka. Kada ka tambaye ta me take aunawa, tambaya aikin baƙauye ce. Gyara hula ka washe baki. Faɗa wa tafintanta sunanka da na babanka, ka tsaya kansa har ya rubuta daidai.

In ta tambayi inda kake samun ƙarfe, kul ka ce wajen 'yan gwangwan kake saye kamar kowa. Ina girma a nan? Buga ƙirji ka ce, "Yayana Fatahu makanike ne a kamfanin yuraniyom, shi ke fito min da shi." Fatahun da ya shekara sha tara yana aiki ko ƙusa bai taɓa sakawa a aljihu ba.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai san intanet ba.

2. Gano kanka a bainar jama'a

Bayan shekara biyu wani Aghali zai buɗe siber, wato shagon intanet, inda marasa aikin yi ke taruwa suna buga sunayen juna. Kutsa ka ce, "Buga nawa." Ga ka nan, hula a karkace! Aghali zai fara karanta Faransancin da ƙarfi, sai muryarsa ta yi ƙasa-ƙasa, don ya iso kan sunan Fatahu.

Ashe Anasarar ta rubuta cewa shi ke fito maka da ƙarfe mai guba daga kamfani. Tun da aka soma harbe-harbe a daji kamfani ke bin ma'aikata diddigi, zargi kaɗan ya isa kora. Gidan da Fatahu ke ciki na kamfani ne. Asibitin da ke duba hawan jinin matarsa Mairamu ma na kamfani ne. Duk a jikin katin aikinsa suke rataye.

3. Roƙi mai siber

"Aghali, don girman Allah goge shi."

"Malam Zayyadu, ai ba a nan yake ba, yana can Turai."

"To uban wa nake gani a gabana?"

Sa shi ya kashe na'urar ya kunna. Kana nan. Hau kabu-kabu ka tafi siber ɗin garin Akokan. Ka riga kanka isa.

4. Gargaɗi mutane

Bi rumfa-rumfa ka ja wa kowa kunne kada ya kuskura ya buga sunanka. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi, Aghali har da sa maka albarka.

5. Kwashe shi ta takarda

Wannan hikimar tawa ce, ban ara wajen kowa ba. Ruwan da aka ja daga rijiya ai ya ragu a rijiya. Saboda haka sa a buga maka shafin a takarda sau talatin, ka kai maƙera ka zuga masa wuta. Koma ka duba. Rijiyar ba ta san an yi ba.

Waɗanda suka fito dishi-dishi kuwa, bar su nan, me za ka yi da su? Aghali mutumin kirki ne, ba ya zubar da takarda. Hajara mai ƙosai yake tara wa, wadda ke suya daidai inda motar ma'aikata ke ɗibar mutane da safe.

6. Ɓoye wa mai abin

Kada ka je wajen yayanka ka faɗa masa, kunya ba za ta bar ka ba. Bari ya ji a mota, lokacin da shef, wato shugaban masu gadin kamfani, ya warware ƙunshin ƙosansa. Man ƙosai ya cinye fuskarka a takardar tas, amma sunan Fatahu ko ɗigo bai taɓa shi ba.

7. Faɗi gaskiya bayan ta huce

Yanzu ruga ofishin kamfani da hawaye ka ce wallahi ƙarya ka yi. Wani mai farin gilashi zai dube ka ya ce, "Wancan karon ne ka yi ƙaryar, ko yanzu?" Su a wajensu abin da ke rubuce ya fi abin da ke fitowa daga bakin maƙeri. Za su karɓe katin Fatahu, su ba shi mako biyu ya tashi daga gidan.

Ranar da amalanke ta sauke kayansu a ƙofar gidana na durƙusa na ce, "Yaya, zage ni. Mare ni ma." Na so ya yi, wallahi da na ji sanyi. Sai ya dubi ɗakunana biyu ya ce, "Zayyadu, ina za mu sa gadon Mairamu?"

Hattara

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, abin da ya same shi babu ruwana, babu ruwan Aghali, balle Hajara baiwar Allah. Sunana yana nan inda yake, mai shakka ya je ya buga. Mai ƙorafi kuma kada ya zo min gida, babu wurin zama. In kuwa dole sai ka zo, to ban da sassafe. A lokacin ne Yaya ke ɗaura takalman aikinsa ya tsaya bakin ƙofa, ba ya shigowa sai motar ma'aikata ta wuce.