Daron Di'o

Malam Nafi'u malamin tarihi ne a wata kwaleji a Zariya. Wata tara ya taɓa yi a Ingila wajen wani kwas, amma in ka ji yana ba da labarin ƙasar sai ka rantse can aka binne cibiyarsa. Duk abin da ya gani a tafiyar babu wanda ya tsaya masa a rai kamar banɗakin gidan tsohuwar da ya zauna a wurinta. Komai na cikinsa ya girme shi: famfon tagulla, madubi mai dishi-dishi, daɓe ja. Tun da ya dawo yake cewa mu nan ba mu san darajar tsohon abu ba. Abokan aikinsa sukan gyaɗa kai, don sun lura gyaɗa kai ya fi gajarta zancen.

Matarsa Lubabatu na da cikin fari wata takwas sai bututun banɗakinsu ya fara yoyo. Nafi'u ya ce zai duba. Yana kan zai duba ɗin ne, ran wata Talata santsin tayil ya kwashe ta, Allah ya kiyaye ta dafe ƙofa ba ta kai ƙasa ba. Kafin la'asar labari ya shiga cikin birni, ya faɗa kunnen kakarta Hajiya Tasalla, wadda ta riƙe ta tun daga yaye. Kafin magariba an zo da mota an tafi da ita. Da ma haihuwar fari a gida ake yi, wannan ba wanda ya ja. Sai dai Hajiya ta ɗora sharaɗi a kai: ko an yi arba'in, Luba ba za ta koma ba sai an gyara banɗakin nan, kuma sai ita Hajiya ta zo ta gani da idonta.

Aka haifi 'ya mace, aka yi suna. Nafi'u ya koma mai ziyara. Sai ya je ya zauna a zaure, a miƙo masa jaririya ya riƙe minti goma kamar kayan aro, a karɓe. Matar kuwa sai dai ya jiyo muryarta daga tsakar gida. Ya dawo gida ya tarar da shiru da tukwane a kife. Mai shayin bakin layi har ya daina tambayarsa abin da zai ci.

Saboda haka ya kira mai gyaran famfo, wani Tanimu. Tanimu ya durƙusa, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce gwiwar bututu ɗaya ce ta tsage. A canza ta, a sa tayil mai kaushi a ƙasa, aikin kwana biyu.

"Malam Tanimu," in ji Nafi'u, "kai bututu kake gani. Ni kuwa dama nake gani."

"Damar me, Malam?"

"Zan mai da ɗakin nan irin na da. Da hannuna."

Tanimu ya dubi hannun, hannun da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ya tattara kayansa.

"Allah ya ba da sa'a. Lambata dai kada ka goge ta."

Nafi'u ya kalli bidiyo a waya, inda wani Bature mai gemu ya rushe banɗaki ya sake shi cikin minti goma sha biyu, bai ko yi gumi ba. Ya ari guduma. Tayil ya tafi. Shawa ta tafi. Hitar ruwan zafi ma ta tafi, don a cewarsa ba ta dace da zamanin da yake nufi ba. Masai kaɗai ya bari, da yake ko son tarihi yana da iyaka. Ya kwaɓa jan siminti ya yi daɓe da kansa, ya shafe shi sumul har yana ɗaukar ido. Sai da ya bushe ya lura gangarar ta ɗan karkata, maimakon ta nufi rariya ta nufi ƙofa. Ya tsaya ya yi nazari, ya yanke hukuncin cewa ƙaramar magana ce, ya ninke tsohon buhu ya ajiye a bakin ƙofar.

Sauran kayan a wurin 'yan gwangwan ya samo su. Nan ya haɗu da Ɗan'azumi, wanda har safiyar ranar a sikeli yake sayar da ƙarfe. Da ya ga mutum da tabarau da takalmi mai sheƙi yana tambayar kayan tarihi, nan take ya zama mai sayar da kayan tarihi. Ya fito masa da famfon tagulla wanda ya yi kore, da fitilar ƙwai, da butar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Daga nan ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya, ya jawo wani daro daga ƙarƙashin tarin kwanon rufi. Fari ne mai shuɗin baki, fentinsa ya ɓaɓɓare, ga liƙi a gefe.

"Wannan ba kowa nake nuna wa ba, yallaɓai. Daga gidan Di'o ya fito, Baturen mulkin nan na zamanin Turawa. A ciki yake wanke fuska."

Nafi'u ya juya daron. A gindinsa ya ga ɗigo uku na jan fenti, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Ya ɗago ya dubi Ɗan'azumi.

"Ka san mene ne wannan? Lambar ma'ajin gwamnatin mulkin mallaka ce. Haka suke yi wa kayansu shaida."

"Ka ga ni ban ma sani ba," in ji Ɗan'azumi, kuma a duk cinikin wannan ce maganar gaskiya da ya faɗa.

Abin da Nafi'u ya biya bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya kawo daro gida, ya huda gindinsa a gefen ɗigon nan uku don kada ya ɓata shaida, ya ɗora shi kan tebur na katako da ya yanke wa tsakiya, ya jona masa bututu, ya kafa famfon tagulla a samansa. Ya rataye fitilar ƙwai a ƙusa, ya zura mata ƙwan lantarki a ciki. Ya ajiye kujera 'yar tsugunno, da soso, da sabulun salo a ƙwarya. Ya ja da baya ya duba, sai ya ji har ƙwalla ta taru masa. Ya fara tunanin rubuta maƙala a kan ɗigon nan uku.

Ranar Alhamis, ana gobe arba'in, da hantsi a-daidaita-sahu ya sauke Hajiya Tasalla a ƙofar gida. Tsohuwa ce ƙarama, mai sanda da tabarau mai igiya, kuma tun ranar da aka ɗaura auren jikarta take kiran Nafi'u angonta, irin wasan nan na kaka. Shi dai bai taɓa samun bakin ramawa ba.

"Ango, haka ka rame? Ashe tarihi ba ya ƙosarwa."

"Sannu da zuwa, Hajiya. A kawo ruwa?"

"Ruwan gidan nan na zo gani. Ina wurin?"

Ya wuce gaba, ya tura ƙofar banɗakin a hankali, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya kamar mai nuna wa baƙi gidan tarihi. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi bango. Nafi'u ya ɗauka burgewa ce.

"Inna lillahi. Yaushe suka shigo?"

"Su wa, Hajiya?"

"Ɓarayin."

"A'a Hajiya, ba sata ba ce. Gyara ne. Ni na yi da hannuna."

"Na ga alama. Ina tayil ɗin?"

"Na cire. Wannan daɓen shi ne irin na asali."

"Ina abin nan mai kawo ruwan zafi?"

"Shi ma na cire. Ga buta nan, sai a ɗora a wuta."

"Wa zai ɗora?"

Nafi'u ya gyara tabarau. A bidiyon ba a taɓo wannan ba.

"Mai jego ce fa za ta dawo, ango. Da jaririya. Kwana talatin da tara ina tashi da asuba ina hura itace, ashe kai kana nan kana tsige abin da ke yin aikin da taɓa maɓalli." Ta ɗaga sanda ta nuna fitila. "Wannan fa? Kananzir ake zuba mata?"

"Lantarki ce a ciki. Kamanni ne kawai na da."

"To in an ɗauke wuta?"

"Sai a haska waya."

"Madalla."

Ta taka ciki, ta murɗa famfon tagulla. Ya yi tari sau biyu, ya yi atishawa, sannan ya saki ruwa mai launin shayi. Ruwa ya zuba a daro, ya bi huda, ya sauka bututu, ya fito daga inda Nafi'u ya ɗaure da roba, ya bazu a jan daɓe. Ya yi ɗan jim kamar mai shawara, ya juya wa rariya baya, ya ratsa ta ƙarƙashin silifas ɗin Hajiya ya nufi ƙofa, inda buhu ke jiransa.

Hajiya ta bi shi da kallo.

"Ka ga ko ruwan bai yarda da ɗakin ba. Fita zai yi."

"Ƙaramar magana ce, Hajiya, za a daidaita. Amma ki dubi wannan." Ya dafa daron, muryarsa ta koma irin ta aji. "Wannan shi ne zuciyar ɗakin gaba ɗaya. Daga gidan Di'o ya fito. A cikinsa Baturen yake wanke fuska kowace safiya. Akwai ma shaidar gwamnati a gindinsa."

Hajiya ta matso. Ta ɗaga tabarau ta mayar. Ta bi shuɗin bakin daron da yatsa har ta iso kan liƙin, nan yatsan ya tsaya. Ta ba Nafi'u sandarta ya riƙe, ta dafa tebur, ta sunkuya da ƙyar ta leƙa ƙasa. Da ta ɗago, fuskarta ta yi wani irin haske wanda bai yi wa Nafi'u daɗi ba.

"Ango, Di'on nan naka ƙafa nawa gare shi?"

"Ban gane ba, Hajiya."

"Wanda na sani yana sa fuska a daron nan huɗu gare shi, da gemu, da ƙaho. Darona ne. Cikin kayan ɗakina aka kawo ni da shi. Uwar matarka a ciki na yi mata wanka. Da ya tsage na kai aka liƙe, ga wurin nan. Da ya sake tsagewa na bar wa awaki, shekara goma sha ɗaya suna shan ruwa a ciki. Bara na ba mai jari-bola ya ba ni bokitin roba biyu, har na kwana ina jin na cuci bawan Allah."

"Amma Hajiya, ɗigon nan uku..."

"Ni na ɗiga su da tsinke, ranar bikin 'yar maƙwabciyata, don kada a haɗa mini shi da na mutane. Kowace mace a unguwarmu da tata shaidar. Je ka kicin ɗinka ka kife kwanukan Luba ka gani, duk uku-uku ne. Ko ba ka taɓa kife kwano ba?"

Bai taɓa ba. Maƙalar da ya fara tsarawa ta mutu a tsaye. Amma mutumin da ya shekara goma sha biyar yana amsa tambayoyin ɗalibai ba ya rasa ta cewa, sai ya yi gyaran murya.

"To ai Hajiya hakan ma ya fi. Kayan gado ne ya dawo gida. Abin da nake ta faɗa ke nan ba a ganewa. Sabon abu kowa na iya shiga kasuwa ya saya. Sai abu ya tsufa, ya sha hannu, ya koɗe, ya ga duniya, sannan yake yin daraja. Ni yanzu na yanke shawara, duk abin da bai kai shekara hamsin ba, bai isa ya shigo gidan nan ba."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce, Hajiya."

Ta karɓi sandarta, ta tsallake buhu, ta kakkaɓe silifas a bakin ƙofa, ta kama hanyar waje. Nafi'u ya biyo ta da sauri, yana murza hannu.

"To Hajiya, goben da ƙarfe nawa zan zo in ɗauke su?"

Ta tsaya, ta juyo, ta dube shi ta saman tabarau.

"Luba shekararta ashirin da huɗu, 'yar kuwa kwananta talatin da tara. Bar mana su su tsufa tukuna, in sun cika hamsin ka zo ka ɗauka. In kuma ba ka iya jira, ango, ga ni."