Kujerun Aro da Garar da Ke Tuƙa Amalanke

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu ya zo mana daga Maraɗi ba, farkon shekarun saba'in. Ina matashin malami lokacin, mushe kamar yadda ake kiranmu a Nijar, a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, ta mishan kusa da tabkin Madarumfa.

A zamanin nan makarantu hawa-hawa ne. Akwai na gwamnati, akwai masu zaman kansu da gwamnati ta amince da su, sai irin tamu da hukuma take kallo kamar rumfar mai tsire. Muddin ba a amince da ku ba, yaranku ba za su zauna jarrabawar satifika da sunanku ba, iyaye kuwa sun fara janye nasu. Sharaɗin da ya fi ƙarfinmu shi ne kujeru. A kan tabarma muke karatu.

Ni ne na kawo dabara (har yau ba wanda ya yi mini gardamar wannan). Ina da aboki darakta, shugaban wata lakwal ta gwamnati wajen Safo. Na roƙe shi aron kujerunsa na kwana biyu, na kwaso su da kaina a amalanken jaki.

Mai dubawa ya iso bayan azahar, dattijo ne mara yawan magana. Ya duba takardun malamai, ya leƙa makewayi, ya shigo ajina. Da ya shafa wata kujera ya ce tana da kyau, sai bakina ya kwance. Cikin Faransancin da nake taƙama da shi na ce kafintan majami'armu ne ya ƙera su, mu ba ma jiran gwamnati. Faston namu yana ta yi mini tari daga bakin ƙofa, na ɗauka mura ce.

Dattijon ya kife kujerar a hankali. Ga sunan lakwal ɗin abokina da jan fenti, ɓaro-ɓaro. Ya juya ga Hausa don yara ma su ji.

"Mushe, da safen nan daga can nake. Na tarar da yara a ƙasa, darakta ya ce gara ta cinye kujerun. Ashe garar ƙasar nan har amalanke take tuƙawa."

Ajin ya fashe da dariya. Fasto ya ɓace. Ni kuwa na tsaya da alli a hannu, na ce masa "merci", ban san dalili ba.

Aka ɗage amincewar zuwa baɗi. Abokina ya sha faɗa, ya daina amsa gaisuwata har bayan girbi. Iyayen yara suka ƙera kujeru na gaskiya, muka samu takardarmu, amma sunan Mushe Gara ya bi ni har ritaya.

Abin da na koya: in za ka yi fariya da kayan aro, fara leƙa gindinsu. In kuma fasto ya yi tari, ka rufe bakinka.