Baturen Jikin Kaset

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, ko da ma na so in manta, 'yan cocinmu na Greensboro, nan Amurka, sun ɗauki nauyin tuna mini duk mako.

A coci Kauboyi ake ce mini. Ba ni da doki, ba ni da saniya (motar kai kaya nake tuƙawa, ina ajiye kwalaye a ƙofofin manyan gidajen Irving Park), amma tun ina Jos ni mayen waƙoƙin bishara ne irin na Turawan karkarar Amurka, waɗanda muke kira kantiri. Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a wajenmu ya san su. Safiyar Lahadi, uwa tana goge kayan coci, rediyo yana kan taga, wani mai kaurin murya yana kaɗa jita yana faɗa wa Yesu damuwarsa. Ni dai abin ya shiga jinina fiye da kima. Da na iso ƙasar nan, kafin in sayi rigar sanyi malfa na fara saya.

To, sai cocinmu ta sami awa ɗaya a wani ƙaramin gidan rediyo da ke cikin gari, kusa da Elm Street, kowace Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. Anti Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ita ke gabatar da shirin da Hausa: gaishe-gaishe, sanarwa, ɗan wa'azi. Ita ce ta tare ni bayan sujada ta ce, "Ƙanena, tunda kai ne malamin kantiri, ka riƙa zaɓo mana waƙa uku duk mako, ka gaya wa mutane waɗanda suka rera." Kai, ranar kaina ya kumbura har malfar ta matse ni.

Na kafa dokokina. Dole muryar mawaƙin ta yi kauri, dole jitar ta yi kuka, kuma dole ya zama Bature ɗan ƙauye wanda ya san rana a gona. Mu kuma, in ji ni, mu tsaya a kan gangarmu da tulun kiɗan zumuntar mata, kowa da abin da Allah ya ba shi. Haka nake faɗa a rediyo ba kunya, mutane suna bugo waya suna cewa Kauboyi ya san hannunsa.

Akwai wani dattijo a cocinmu, Baba Istifanus, tsohon malamin firamare daga Bukuru. Yana zaune wajen 'yarsa a Pleasant Garden, inda in ba ka da mota sai dai ka zauna kana kallon ciyawa. 'Yar tana aiki ranar Lahadi, saboda haka ni nake ɗauko shi in mai da shi. Mutum ne marar yawan magana. Wata rana muna hanyar komawa ya zaro faifan sidi daga cikin Littafi Mai Tsarki, an rubuta a jikinsa da biro: Istifanus da Saratu.

"Ɗana," ya ce, "waƙoƙinmu ne na dā, ni da Mamanku marigayiya. Irin naka ne, kantiri. Lahadin ƙarshen wata za ta cika shekara da rasuwa. In da hali a sa ko ɗaya ce, a faɗi sunanta. Ba a taɓa faɗar sunanta a rediyo ba."

Na ce, "Ba damuwa, Baba." Na jefa faifan a akwatin gaban mota, cikin tsoffin takardu da cokulan roba, na rufe. Ban saurara ba, ko na minti ɗaya. A raina na riga na ji abin da ke ciki: tsoho da tsohuwa suna jan baiti, ana buga tebur. Mako na zagayowa ya tambaya, na ce ana kan dubawa (sai ka ce wani kwamiti gare ni, alhali ni kaɗai ne da malfata). Da ya sake tambaya sai na gyara zama na yi masa lacca. "Baba, kada ku ji haushi, amma kantiri fa ba namu ba ne. Sai an haife ka a ciki." Ya ce, "To, ɗana," ya juya yana kallon itatuwa ta taga.

Lahadin ƙarshen wata ta zo. Zan so in ce na manta da roƙon Baba, amma ƙarya ce, ina sane. Na dai shirya wa masu sauraro babban abu ne, dukiyata ta duniya: wani kaset da na saya a kasuwar Taminus ta Jos tun ina sakandare. A bangonsa akwai hoton Bature da malfa ya jingina da shingen gona, da wani dogon suna na Turanci wanda sai na gyara harshe nake faɗarsa. Na sha neman mutumin nan a intanet ban same shi ba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa irin mawaƙan nan ne na ainihi da ba su son duniya. Na sa an juye mini kaset ɗin a waya, amma na tafi da shi situdiyo don Anti ta ga hoton da idonta.

Aka kunna mini makirfo, na saki baki. Na ce yau za su ji uban mawaƙan kantiri. Na ce manomi ne a jihar Tenesi, a gonarsa aka ɗauki waƙar, shi ya sa in an kasa kunne a baiti na biyu za a ji zakara ya yi cara. Na ce macen da ke amsa masa ƙanwarsa ce. (Duk wannan tarihin ni na ƙirƙiro shi tun ina yaro, na yi ta maimaitawa har ni ma na gaskata.) Na rufe da cewa, "Jama'a, ku saurara ku ji yadda ake yi. Da girman kujerar kowa, ba ɗan Afirkan da zai iya wannan."

Waƙar ta tashi, ta wani manomi da ya dawo gida a gajiye ya tarar Ubangiji ya bar masa ƙofa a buɗe. Zakara ya yi cararsa a inda ya saba. Na lumshe ido ina kaɗa ƙafa. Tana ƙarewa wayar situdiyo ta yi ƙara, Anti ta sa mai kiran a iska kai tsaye.

"Sannunku da aiki, 'ya'yana. Istifanus ne daga Pleasant Garden. Na kira in yi godiya. Ɗana ya sa waƙar a ranar da na roƙa. Sunan ne kawai ya ɗan kauce."

Da ina da hankali da na yi shiru. Ina! Sai na yi 'yar dariya irin ta masana na ce, "Baba, ina jin kun haɗa da wata ne. Wannan Bature ne, ga hotonsa a hannuna."

"Mai malfa, ya jingina da shinge?" in ji Baba. "Daga kalanda aka yanko shi. Mai buga kaset ɗin ne ya ce in ya sa hotona da sunana ba wanda zai saya, mutanenmu sai sun ga Bature suke yarda kantiri ne. Zakaran kuma ba na Tenesi ba ne, na maƙwabciyarmu ne a Bukuru, Mama Laraba. Sau uku muna sake ɗauka yana cara, har mai na'urar ya gaji ya ce a bar shi ya shiga. Da Kirsimetin shekarar muka cinye shi."

Anti Rifkatu ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Kafin in sami abin cewa Baba ya gyara murya ya ja baitin farko ta cikin waya. Muryar ta tsufa, tana ɗan karkarwa, amma wallahi ita ce. Muryar da na yi ta kwaikwayo a banɗaki tun ina da gashi cike da kai.

Ya tsaya, ya ce, "Macen kuma ba ƙanwata ba ce. Saratu ce, matata."

Nan dariyar Anti ta ɗauke. Ta ce, "Ayya, Baba! To ai da kun kawo mana tuntuni mun sa."

"Na kawo, 'yata. Yana motar Kauboyi, kusan wata guda ke nan. Ya ce ana kan dubawa."

Duk wannan fa a iska, Greensboro tana ji. Anti ta sauke tabarau ta dube ni kamar yadda take duban yaran da ke surutu lokacin wa'azi. "Ƙanena, ina ka ajiye mota?" Na ce can ƙasan titi. Ta ce, "Muna jiranka, mu da masu sauraro." Haka na fita na bi Elm Street da gudu-gudu, malfa a hannu, masu shan kofi a bakin titi suna kallona. Na tono faifan daga ƙarƙashin cokulan roba na dawo ina haki. Aka sa. Waƙa ta farko, baiti na biyu, sai ga zakaran Mama Laraba.

Anti ta turo mini makirfo ta ce, "Kai ne mai gabatar da mawaƙa. Gabatar."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba kunya kaɗai ba ce, baƙin ciki na ji. Tsoho ya roƙe ni abu ɗaya tak, abin da bai fi minti huɗu ba, na hana shi don ina tsaron mutuncin hoton kalanda. Na ce, "Masu sauraro, waƙar da kuka ji ta Baba Istifanus ce da matarsa, Mama Saratu, mutanen Bukuru. Yau Mama ta cika shekara da komawa ga Ubangiji." Can sai muka ji Baba ya ja hanci ya ce, "Na gode. Yau an faɗi sunanta."

Tun daga ranar ba wanda ya sake ce mini Kauboyi. Zakaran Tenesi ake kirana. Har wani Malam ɗan Nijar mai shagon kayan abincinmu, da ba ruwansa da kantiri, yana jin shirin ne don Hausar kawai, ina shiga ya ce, "Sannu da zuwa, mushe," (wato malam, a Faransancinsu) "yau ba cara?"

Lahadin da ta biyo na isa Pleasant Garden da wuri, na durƙusa a ƙofar gida na ba Baba haƙuri. Ya ɗaga ni ya ce, "Haba ɗana, ai kai ka yabe ni. Ka ce ba ɗan Afirkan da zai iya. Tun da nake ba a taɓa yi mini yabo irin wannan ba." Ya shiga mota ya ce in sa mana faifan, muka ji shi har coci, yana bin waƙar da bakinsa. Duk inda muryar Mama ta shigo sai ya yi shiru ya bar mata wurin.

Anti ba ta kore ni daga shirin ba, ta dai ƙara doka ɗaya a kan nawa: duk mawaƙin da zan yaba sai na nuna mata inda na samo tarihinsa. Malfar tana kan kabad tana shan ƙura. Yanzu ko yaro ne ya miƙo mini waƙa, sai na saurara tukuna kafin in buɗe baki, don na yi rabin rayuwata ina neman Baturen nan, ashe duk Lahadi ni nake taya shi ɗaura bel a kujerar gaba.