Yadda Za Ka Gina Ƙofa Bakwai Kan Amalanke Ɗaya

Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin wata guda za a kira ka injiniya daga Madarunfa har Ɗan Issa. Inusa ya bi su a kan idona.

1. Samo ƙaramin aiki, ka kumbura shi

Ƙungiyar matan Safo mata arba'in ce, amalankensu ɗaya. Duk kaka sai an yi faɗa kan wadda za ta fara kwaso wakenta. Shugabarsu, Hajiya Delu, ta ce wa Inusa, wanda ya dawo daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ya zuba musu jerin a waya: suna, gona, rana. Tambaya ɗaya ga rumbun bayanai ta isa. Kada ka yarda. Wa ya taɓa yin suna da tambaya ɗaya?

2. Zaɓi tsari da nauyin sunansa

Inusa ya ɗauko wani tsarin manhaja wai shi Rifozitori, ya ɗora masa wani wai shi DAO, ya kafa Faktori mai ƙera DAO ɗin. Kafin sunan mace ɗaya ya fito, sai ya yi sallama a ƙofa bakwai. Don murna har tabarau ya saya, alhali idonsa garau.

3. In an matsa maka, jefo kalma

"Inusa, ina aikinmu?"

"Hajiya, saura DAO."

"Dawo? Sau nawa zan dawo, ɗan nan? Wake na fashewa a gona!"

Ka yi mata uzuri, ba ta je Maradi ba.

4. Ranar gwaji, tara jama'a

Ya tara su gindin tsamiya, ya latsa. Waya ta yi dogon tunani, ta ce yau ranar Indo ce. Ta ƙara tunani, ta ce ta Zahara'u ce. Ashe Faktori jeri biyu ya ƙera. Indo ta cafke igiyar jaki, Zahara'u ta cafke zanen Indo. Jaki ya ga babu alheri, ya ja amalanke ya yi daji.

5. Gyara a ɓoye

Inusa ya laɓe bayan rumbu, gumi na ɗiga, ya goge ƙofofin duka, ya rubuta tambayar nan ɗaya. Nan take ta yi aiki. Ya fito ya ce sabon tsari ne daga Turai.

"To mi ya hana ka fara da na Turan?" in ji Hajiya.

Kada ka amsa. Inusa gyara tabarau kawai ya yi.

Gargaɗi: babu ruwana da waken da ya zube ko zanen da ya yage. Kuma in ka je Safo, kada ka ambaci sunana. Hajiya Delu na cigiyar wanda ya koya wa Inusa.