Ruwan Ciyawar Teku a Gindin Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na dawo ceto gonar Baba ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarar ce takin zamani ya fi ƙarfin talaka, ga Baba yana fama da ciwon ƙafa, kuma geron gonar nan shi ne abincin gidanmu na shekara. Ni kuwa bayan shekara shida a Kano, na sauka daga motar Bici riƙe da galan ɗin wani baƙin ruwa mai ƙarni, wai shi ruwan ciyawar teku, da ake fesa wa shuka ta yi ƙarfi. (Ban taɓa ganin teku ba, amma yadda nake bayani sai ka rantse a bakinsa aka yanke mini cibiya.)

Baba ya ce, "Ka san an raba gonar gindin ɗorawa tsakanina da Baffanka Sule bayan rasuwar kakanka. Bari in lallaɓa in nuna maka iyaka."

Na ce, "Haba Baba, ni za a nuna wa gonar da na yi rarrafe a cikinta?"

Na goya famfon feshi na tafi. Na tarar da layin gamba ya raba gonar biyu. Ɓangaren gabas ya fi kyan gani, saboda haka zuciyata ta yanke cewa shi ne namu. Sau uku ina feshe shi, kowane da sassafe, har gadon bayana ya saɓule. Gero ya yi kore shar, kaina ya ƙara girma.

Wata Juma'a bayan masallaci na gayyato dattawan unguwa su zo su ga ilimi. Aka ɗauko Baba a babur. Na tsaya a gindin ɗorawa na gyara hula, na nuna gabas, sannan na juya yamma inda gero ya tsumbure ya yi ja.

Na ce, "Ku dubi bambanci. Mai wannan gonar ko malalaci ne, ko kuma ba shi da mai taimaka masa."

Baba ya daɗe yana kallon jan geron, sannan ya ce a hankali, "Ba malalaci ba ne. Ɗa gare shi a birni."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa Sule ya yi gyaran murya ya ce, "Ai na gan ka duk sau ukun, na ɗauka zumunci ne. Ko da yake mangala arba'in ta takin gida na zuba mata tun rani, amma Allah ya yi albarka." (Wato ko koren ma ban isa in ce duk nawa ba ne.)

Babu wanda ya yi dariya a gaban Baba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Da kaka rumbunmu ko rabi bai cika ba. Baffa ya aiko da dammunan gero a amalanke, ya ce a gaya mini ladan feshi ne. Da shi muka kai wata damina, kuma ban taɓa shan furarsa ta wuce mini lafiya ba.

Tun daga nan, in dattijo ya ce bari ya nuna mini, ko ƙofar ɗakina ce, takalmina nake sawa in bi bayansa.